Ɗoɗɗoya a ɗakin haya: iri za ki shuka, reshe za ki jiƙa, ko dashe za ki saya?

Ƙanwata ta tare a unguwar Madina da ke nan Akara bara, ɗaki ɗaya da 'yar baranda. Ran nan ta kira ni ta ce, "Yaya, sau biyu ina shuka irin ɗoɗɗoya a bakin taga. Ya fito tsaf, kafin kwana goma ya kwanta ya mutu. Ko dai in haƙura in sayo wadda ta riga ta girma?" Tambayar da matan gidanmu a Mamobi suke yi mini ke nan duk lokacin da suka shigo tsinkar ganye. Hanyoyin samun ɗoɗɗoya a ɗaki huɗu ne: irin fakiti na kanti, irin da aka tara a gida, reshen da aka jiƙa a ruwa, da dashen da ake saya a baƙar leda. Duk na gwada su, kuma kowace da mai ita.

Kafin komai, ki san wace ɗoɗɗoya kike nufi, don suna ɗaya muke kiran abu uku da shi. Akwai mai ƙananan ganye da Asantawa ke kira akokobesa, wadda ake jefawa a miyar kaza. Akwai babbar, nunum, mai faɗin ganye da ƙamshi mai ƙarfi, wadda iyayenmu ke tafasawa a yi surace idan mura ta kama mutum. Masana tsirrai suna kiranta Ocimum gratissimum, kuma ita ƙaramar bishiya ce, tana yin shekaru, tana iya wuce tsayin yaro. Sai ta Italiya mai laushin ganye da sheƙi, wadda ta yi suna daga birnin Jenowa, da ita suke yin koren miyar taliyarsu. Wannan ta ukun ta fi sauran shagwaɓa nesa ba kusa ba, kuma rayuwarta 'yan watanni ne.

Abin da na auna su da shi

Kuɗin da za ki kashe kafin ki ga ganye. Tsawon jira kafin tsinkar farko. Yawan kulawar da hanyar take nema a wurin mace mai fita kasuwa ko aiki tun safe. Haɗarin mutuwa ko shigo da cuta. Sai daɗewar shukar bayan ta kama. Akwai na shida da yake rufe duka, wato haske, kuma shi ba ya sauyawa ko wace hanya kika bi.

Ɗoɗɗoya tana son rana ta sa'a 6 zuwa 8 a yini. Ɗakunan hayarmu na Nima da Sabon Zango kuwa kin san su: katangar maƙwabci a gaban taga, ga ragar sauro, ga labule. Idan kika karanta shawarar mutanen Turai za su ce ki ajiye a tagar kudu. Wannan lissafin ƙasarsu ne. Mu a Akara muna kusa da tsakiyar duniya, rana bisa kanmu take wucewa, daga farkon Afrilu zuwa farkon Satumba ma ta ɗan karkata arewa ne, sauran watannin ta koma kudu. Tagar da ta fi amfani a nan ita ce ta gabas, wajen da kike fuskanta in za ki yi salla, domin hantsi yana shigowa ta nan kowace rana ta shekara. Ta yamma ma tana yi, sai dai zafin la'asar yana dafa ƙananan tsiro. Idan ɗakinki ba shi da ko ɗaya, ki sa a ranki cewa gwangwanin zai riƙa fita baranda kullum, ko ki rataya masa farin ƙwan LED kamar taƙi ɗaya daga ganye na sa'a 14 zuwa 16. Ƙwan yana taimako, amma yana cin mita, kuma ranar da aka ɗauke wuta shi ma ya tafi hutu.

Irin fakiti

Ana samunsa a shagunan kayan noma da wasu manyan kantuna. A kuɗi, fakiti ɗaya ya fi ƙullin ganye na kasuwa tsada sosai, amma giram ɗaya na irin ɗoɗɗoya ya haura ƙwaya 500, don haka mata biyar za su iya haɗa kuɗi su raba, kowa ta samu abin da ya ishe ta. Ki duba kwanan watan da ke jiki, ki ƙi wanda aka rataye a rana ko wanda bakinsa ya buɗe. Idan ƙwayoyin suna da launin shuɗi ko ja, an shafa musu magani ne, ki ɗauke su daga inda yara za su kai hannu.

Jira: a zafin digiri 21 zuwa 27 yana tsirowa cikin kwana 5 zuwa 10, mu kuma ɗakunanmu ba sa rasa wannan ɗumin, har su wuce. Tsinkar farko sai mako 6 zuwa 8.

Wahalar duk tana cikin mako ukun farko, kuma a nan ne ƙanwata ta yi asara. Abin da ya kashe mata tsiro cuta ce ta ƙasa, wasu ƙananan halittu dangin funfuna, irin su Pythium da Rhizoctonia, da suke son rima da iskar da ba ta motsi. Sukan kama tsiron daidai inda ya haɗu da ƙasa, wurin ya yi ruwa-ruwa ya tsuke kamar an matse shi da zare, washegari ki tarar ya faɗi alhali ganyensa kore shar. Wanda ya faɗi ba ya tashi, babu maganin da zai dawo da shi. Abin da ake yi shi ne a hana ta samun wurin zama tun kafin a shuka.

Ƙasa ce farko. Ta bayan gida ko ta bakin kwata ba ta yi ko kaɗan. Baƙar ƙasar da masu furanni ke sayarwa a buhu tana da abinci, amma tana da nauyi, tana riƙe ruwa, tana zuwa da irin ciyawa da cutar da muke gudu. Idan ita ce a hannunki, ki tankaɗe ta, ki ɗan jiƙa, ki zuba a tsohuwar tukunya ki rufe, ki ɗora a kan gawayi kamar rabin sa'a har tururi ya ratsa ta, ki bari ta huce. Garin ɓawon kwakwa ya fi ta tsabta da sauƙi, kuma a garin da masu kwakwa ke kowane lungu ba abin nema ba ne da nisa. Aibinsa biyu: yakan zo da gishiri, sai an jiƙa an tsiyaye sau biyu ko uku, kuma ba shi da abinci, don haka bayan mako biyu zuwa uku tsiron zai nemi taki. Ni haɗawa nake yi, kashi biyu garin kwakwa, kashi ɗaya dafaffiyar baƙar ƙasa, kashi ɗaya yashi mai tsakuwa-tsakuwa, da ɗan garin gawayi. Yashin bakin teku kada ki kusance shi. Ɗanyen garin katako da ɗanyen kashin kaji ma haka, na farko yana ƙwace wa tsiro abinci, na biyu yana ƙona saiwa.

Mazubi kuwa gwangwanin madara ko na tumatir ya isa, a wanke da sabulu, a huda gindinsa da ƙusa wuri huɗu ko biyar. Gwangwanin da ba huda kabarin tsiro ne. Ki jiƙa ƙasar kafin shuka, ki ajiye ƙwaya huɗu ko biyar a warwatse, ki barbaɗa musu ƙasa sama-sama, kada ta kai rabin santimita. Idan kika ga ƙwayar ta yi wani farin yauƙi bayan ta sha ruwa, kada ki tsorata, halinta ne. Ki rufe bakin da farar leda don kada saman ya bushe, ki ɗora gwangwanin inda kiyashi ba sa hawa, don suna kwashe irin ɗaya bayan ɗaya. Ranar da kika ga koren kai na farko, a ranar za ki cire ledar ki kai shi haske. Kwana biyu na jinkiri a duhu sun isa su sa tsiro ya miƙe siriri, fari-fari, ya kasa ɗaukar kansa.

Ban ruwa daga ƙasa ake yi. Ki zuba ruwa a faranti, ki tsayar da gwangwanin a ciki minti goma zuwa sha biyar, ki ɗauke ki bar shi ya tsiyaye. Ba za ki sake ba sai kin taɓa saman ƙasar kin ji ya fara bushewa, kuma da safe, domin tsiron da ya kwana a jiƙe shi cuta ke samu. Yawancinmu ƙauna ce take sa mu kashe su, duk wucewa sai mun ɗan zuba. In ruwan rijiyarku yana da zartsi, ki tara na sama. Ki bar taga a buɗe, ko fanka ta riƙa kaɗa su daga nesa, don iska tana busar da wuyan tsiro tana kuma ƙarfafa shi.

Ganye biyun farko masu kama da kunnen ɓera ba su ne na gaskiya ba. Idan na gaskiya suka fito, ki zaɓi tsiro ɗaya ko biyu mafi ƙarfi, sauran ki yanke su da almakashi a gindi, kada ki tuge, don tugewa tana girgiza saiwar na kusa. Wannan shi ne abin da ya fi yi wa mutane ciwo, ni ma har yau ba na jin daɗinsa, amma goma a gwangwani ɗaya ba mai girma a cikinsu. Da ya yi ganye jere biyu ko uku sai a mayar da shi babban mazubi. Fita rana kuma a hankali, sa'a ɗaya ko biyu na hantsi a kwanakin farko, ana ƙarawa.

Wata cuta da ta fi kama ta Italiya ita ce wadda saman ganye ke yin rawaya, ƙasansa ya yi wani toka-toka kamar ƙura. Tun shekarun 1930 aka fara ganinta a Yuganda, tana iya biyo iri, tana kuma son damshin damina. Wadda ta kamu a cire ta a ƙulle a leda a zubar.

Irin gida

Kyauta ne in maƙwabciya tana da tsohuwar shuka. A bar kan furen ya bushe a jikin uwar har ya yi ruwan ƙasa, a yanko, a sa a ambulan na takarda kwana kaɗan, a murje da hannu, a bakace a faifai. Kowane ɗan fure yana ɗauke da ƙwaya har huɗu. Duk abin da na faɗa a kan ƙasa da ruwa da haske ya hau kansa, jiran ma ɗaya ne, sai dai na nunum ya fi jinkiri kuma ba ya fitowa lokaci guda, shi kam a saman ƙasa ake danna shi ba a binnewa.

Abin da nake so game da shi: ya saba da iskarmu. Akokobesar da ta yi shekaru tana zubar da iri a tsakar gida a unguwar Fadama ta riga ta ga damina ta ga hunturu. Abin tsoron shi ne ajiya da gauraya. Iri busasshe a wuri mai sanyi yana kai shekara huɗu ko biyar, amma damshin Akara yana kashe shi da wuri in an bar shi a takarda. Ki sa a ƙaramar kwalba mai murfi tare da 'yar ƙullin nan mai shan damshi da ake samu a kwalin takalmi. Kafin ki ɓata ƙasa, ki jera ƙwaya 10 a jiƙaƙƙen tsumma, ki rufe, ki ƙirga bayan kwana 10. In uku kawai suka fito, ki nemi wani. Sannan ƙudan zuma suna haɗa auren ɗoɗɗoya masu kusanci, don haka ɗiyar tana iya fitowa da ƙamshin da ba na uwar ba. Irin da aka tara daga shukar fakiti mai alamar F1, wato irin da aka samu ta haɗa iri biyu, ma ba ya maimaita kamanninsa.

Reshe a ruwa

Wannan ce hanyar da na fi nuna wa mai farawa. Ki je kasuwar Nima ran Laraba da sassafe, ko kasuwar Malam Atta, ki sayi ƙullin da bai yi yaushi ba. Ganyen ƙasa su shiga miya, rassan su zama shuka, kin ga kuɗin ba su tafi a banza ba. Ki zaɓi reshe mai tsawon rabin taƙi wanda bai yi fure ba, ki yanke da reza daidai ƙarƙashin gaɓa, ki bar ganye huɗu a sama, ki tsoma a kofin gilashi a wuri mai haske da rana ba ta dukansa kai tsaye. Kada ki fara sa shi a firji, sanyi yana baƙanta ganyen ɗoɗɗoya. Cikin mako ɗaya zuwa biyu fararen saiwoyi za su fito. Da sun kai gaɓar yatsa biyu ki dasa, ki riƙe shi a inuwa kwana uku, bayan mako uku ko huɗu ki fara tsinka.

Kin tsallake mako ukun nan masu kisa gaba ɗaya, kuma ƙamshin da kika shinshina a kasuwa shi za ki samu. Sharaɗi ɗaya ne ba wasa: ki sauya ruwan duk bayan kwana biyu. Ruwan da ya kwana da yawa yana ruɓar da reshe, sannan sauro yana ƙyanƙyasa a ciki, daga ƙwai zuwa mai cizo mako ɗaya da 'yan kwanaki ne, a ɗakin da yara ke kwana. Rauninsa kuma, abin da ke jikin uwa yana biyo shi, ko ƙwaro ko cuta, kuma reshen tsohuwar shuka yakan yi saurin fure. Ta Italiya ba kasafai za ki same ta a ƙulli a kasuwanninmu ba, in ma kin samu a babban kanti ta sha sanyi.

Dashen saye

Masu furanni na bakin titi, wajen Legon ko hanyar Aburi, suna da su a baƙar leda. Shi ya fi tsada in an lissafa shuka ɗaya-ɗaya, ga kuɗin motar trotro, ga riƙon leda a cinya. A ranar za ki iya tsinkar ganye biyu, wannan ba gardama. Amma shuka ce da ta tashi a fili cikin rana, ki kawo ta ɗaki ta yi fushi ta zubar da ganye. Ƙasar ledar sau da yawa taɓo ce mai tauri, saiwar ta nannaɗe a ciki. Ki juya ganyen ki duba ƙasansa kafin ki biya: farin ƙuda, darɓa, da farin ƙwaron nan mai kama da auduga a nan suke ɓuya. Ki tambayi mai sayarwa, "Baba, an fesa mata magani kwanan nan?" domin abin ci ne za ki yi da ita. A gida ki ware ta mako guda daga sauran shukokinki. Idan ƙwari sun bayyana, ruwan sabulun salo tsararo ko ruwan ganyen dogonyaro da yamma yana rage su, ki ɗauraye ganyen washegari.

| Hanya | Kuɗi | Tsinkar farko | Kulawa | Babban haɗari | Daɗewa |
|---|---|---|---|---|---|
| Irin fakiti | Matsakaici, ana iya rabawa | Mako 6 zuwa 8 | Mai yawa a farko | Ruɓewar gindi, sirancewa | Cikakken zamanin shukar |
| Irin gida | Kyauta | Mako 6 zuwa 8, nunum ya fi | Mai yawa a farko | Mataccen iri, sauyin ƙamshi | Cikakke, ya fi jure iskarmu |
| Reshe a ruwa | Kuɗin ƙulli ɗaya | Mako 4 zuwa 6 | Kaɗan | Ruɓewa, sauro | Ya danganta da ƙuruciyar uwar |
| Dashen saye | Mafi tsada | Nan take | Matsakaiciya | Ƙwari, zubar ganye | Ba a san shekarunsa ba |

Daɗewar kowanne, in gaskiya za a faɗa, a hannun mai tsinka take. Da shuka ta kai ganye jere uku ko huɗu, ki tsinke kanta daidai saman gaɓa, rassa biyu za su fito a wurin. Duk kan furen da ya leƙo ki cire, don da ta yi iri ta gama aikinta, ganye ya ƙanƙance. Kada ki kwashe fiye da kashi ɗaya cikin uku a rana ɗaya. Lokacin shuka ma yana da tasiri: a ganina Yuni da Yuli sun fi kowane lokaci wuyar renon tsiro a ɗaki saboda damshi, Agusta kuma gajimare ya rufe rana. Hunturu ya fi sauƙi ta wajen ruɓewa, sai dai gwangwani yana bushewa da wuri kuma ƙura tana kwanciya a ganye, a riƙa ɗauraye ta da safe.

Wace ce taki

Idan akokobesar miyar kaza kawai kike so kuma ba ki taɓa shuka komai ba, ki jiƙa reshe. Idan nunum ne, reshe ko dashe, amma ki sani ba 'yar bakin taga ba ce, ki yanka jarkar Kufuor, babbar jarkar robar nan ta ɗiban ruwa, ki huda ki ajiye ta a baranda ko tsakar gida. Idan ta Italiya ce ko wani launi da ba ya zuwa kasuwa, ba makawa sai fakiti, kuma sai kina da tagar gabas ko ƙwan LED. Mai son shuka da yawa, don rabawa ko sayar da dashe, iri ne nata, na gida in tana da uwa mai kyau. Mai fita tun asuba ba ta dawowa sai magariba kada ta fara da iri, sai in akwai wanda zai duba mata a mako ukun farko. Wadda ɗakinta ba ya ganin rana ko kaɗan, kuma ba inda za ta fitar, ta ci gaba da sayen ƙulli ta tsoma shi a kofin ruwa, yana yi mata kwanaki bai lalace ba.

Ƙanwata tagarta ta yamma ce, barandarta kuma tana samun hantsi. Na ce mata ta jiƙa rassa uku na akokobesa yanzu, ragowar fakitin nata ta rufe a kwalba sai Disamba, ni zan kai mata dafaffiyar ƙasa da gwangwanaye hudaddu.